Waiwaye: Yadda iyaye suka koma sahun gaba a jinyar cutar ƙin cin abinci

A Maradi, in aka ga budurwa ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, tamowa ake fara kawowa a rai, ko a ce iska ce ta taɓa ta. Wanda ya ga yunwar 2005 da layin uwaye goye da jarirai a cibiyoyin jinya ba zai yi saurin yarda cewa akwai mai hana kanta ci alhali tuwo na gabanta ba. Amma cutar tana nan. Likitoci na ce mata anoreksiya, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

A 1873 ne likitoci William Gull a Landan da Charles Lasègue a Paris, kowa a nasa ɓangare, suka bayyana ta filla-filla. Gull ya ce a riƙa ciyar da mara lafiya a kan lokaci, amma yana ganin dangi su ne mafi munin masu jinya. Likita Charcot na Paris ya ɗora a kai, yana raba yarinya da iyayenta sai ta fara ci. Wannan zargi ya daɗe ƙwarai. Ko a shekarun 1970, da Hilde Bruch a Amurka ta nuna cewa mai cutar tana kallon jikinta ba yadda yake ba, kuma ƙin cin hanya ce ta neman iko da rayuwarta, gidan aka ci gaba da tuhuma. Likita Salvador Minuchin ya shigo da iyali ɗakin likita, amma don a gyara su.

Sauyin ya zo ne daga asibitin Maudsley na Landan. Binciken da Gerald Russell da abokansa suka fitar a 1987 ya nuna cewa matasan da cutar ba ta kai shekara 3 a jikinsu ba sun fi samun sauƙi in aka yi jinyar tare da iyali. Yanzu likita ba ya neman mai laifi. Uwa da uba ne ke karɓar ragamar abinci: su zuba, su zauna da yarinyar, ko za ta yi awa guda tana juya cokali a kwano tana kuka, ba duka, ba gori. In jiki ya fara dawowa, sai a riƙa mayar mata da ragamar sannu a hankali. Ga manya kuwa, an fi amfani da tattaunawar gyara tunani da ɗabi'a irin wadda Christopher Fairburn ya tsara a Oxford, mai kai zama 40. Har yau babu ƙwayar da aka tabbatar tana warkar da cutar ita kaɗai.

A ganina wannan hanya ta dace da mu, tunda a gidajenmu ba a cin abinci a ware, ga kaka ga gwaggo ga ƴan uwa. Masu ilimin halayyar ɗan Adam ne suka yi mana ƙaranci. Kuma tunda a nan ƙiba ado ce, yarinya ba lalle ta ce tana tsoron ƙiba ba, sai ta ce cikinta ke kumburi. Likita Sing Lee ya ga irin haka a Hong Kong. Wadda ta daɗe ba ta ci, kada a cika ta da fura da tuwo a rana ɗaya, don gishirin jininta na iya rikicewa har zuciya ta tsaya. A asibiti ake fara ciyar da irinta.