Ta'ajibi da Kallon Halitta: Me Suke Yi wa Hankalin Mutum?

Me ake nufi da ta'ajibi a wannan magana?

Shi ne abin da ke kama mutum idan ya tsaya a gaban wani abu da ya fi ƙarfin tunaninsa. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala dab da magariba, ya ga Kano a shimfiɗe har inda ido ya gaza, kiran salla yana tashi ta kowace kusurwa, ya san wannan yanayi: tsigar jiki takan tashi, baki ya mutu, abin da ke fitowa kawai shi ne "Ikon Allah!" A shekarar 2003, masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Dacher Keltner da Jonathan Haidt, sun bayyana cewa abu biyu ne ke haifar da shi, wato girman abin da ake kallo da kuma gazawar sanin da mutum yake da shi wajen ɗaukar abin.

Akwai shaidar cewa wannan yana da alaƙa da lafiya?

Akwai. A 1984 Roger Ulrich ya duba takardun majinyatan da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Pensilbaniya, ya tarar cewa waɗanda tagar ɗakinsu ke kallon bishiyoyi sun riga waɗanda tagarsu ke kallon bango barin asibiti, kuma ba su nemi maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi kamar su ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford suka sa wasu mutane tattaki na minti 90, wasu a fili mai ciyayi da bishiyoyi, wasu a gefen titi mai cunkoson motoci. Waɗanda suka bi ta fili sun dawo da raguwar saƙe-saƙen zuci, irin tunanin nan da mutum ke ta juya laifinsa da gazawarsa a ransa ba tare da ya kai ga mafita ba.

Ba motsa jikin ne kawai ke yin aikin ba?

Yana da nasa rabon, amma wani bincike da Virginia Sturm ta jagoranta a Kalifoniya, wanda ya fito a 2020, ya raba abubuwan biyu. An sa dattawa tattaki na minti 15 kowane mako har tsawon mako 8, sai dai an ce wa rukuni ɗaya su riƙa lura da abin da ke gabansu kamar yau suka fara ganinsa. Wannan rukuni ya fi samun tausayi da godiya da sauƙin damuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne hotunan da suka riƙa ɗaukar kansu da waya: mako bayan mako fuskokinsu suna ƙanƙancewa a cikin hoton, bishiyoyi da sama suna cin wuri.

Lokaci nawa ake buƙata?

Wani nazari na 2019 a kan mutane kusan 20,000 a Ingila ya nuna cewa masu yin aƙalla minti 120 a mako a wurare masu ciyayi da bishiyoyi ko ruwa sun fi bayyana cewa suna cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ko a zama ɗaya suka yi ko a rarrabe. Sai dai yana yiwuwa masu lafiyar ne tun farko suka fi samun ƙarfin fita.

To, manomi da makiyayi da ke wuni a daji fa?

Yawancin waɗannan bincike an yi su ne a kan mazauna biranen ƙasashe masu arziki. Manomin da ya ɗaga kai ya kalli hadari lissafin shuka yake yi, wanda kuma ke noma yana waige saboda tsoron 'yan bindiga ba zai samu natsuwa daga kyan gonarsa ba. A ganina sai an haɗa da aminci da kuma niyyar tsayawa a duba, don haka kada kowa ya kutsa dajin da ba shi da tsaro da sunan neman lafiya.

Wanda ke cikin gari, babu lambu kusa da shi, yaya zai yi?

Ba sai ya je Yankari ko magangarar ruwa ta Matsirga ba. Tsohuwar kukar unguwa ta isa, haka zuwan shamuwa gabanin damina, ko daren da aka ɗauke wuta mutum ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kife waya, ya nemi Kaza da 'Ya'yanta a sama. Abubuwan da Suratul Gashiya ta ce a duba, raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, duk suna ƙofar gidan mutanen da aka fara yi wa maganar.

Wannan zai iya maye gurbin likita?

A'a. Wanda ya haura mako biyu cikin ƙunci, barci da cin abinci sun rikice, ko kuma yana tunanin halaka kansa, ya je asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, kuma likitan asibitin da ya fi kusa zai iya tura shi can.