Kamun kifin turawut a tafkunan kan duwatsu: tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Akwai turawut a Tiga ko Challawa?

Babu. Kifin ruwan sanyi ne. Ya fi walwala tsakanin digiri 10 zuwa 16, da ruwa ya wuce 20 ya fara wahala, wajen 25 mutuwa yake. Dam ɗinmu na ƙarfasa ne da tarwaɗa.

To ina za mu same shi?

Ɗalibanmu da 'yan kasuwa masu zuwa Nairobi, ga Dutsen Kenya, mai tsayin mita 5,199. Tafkin Rutundu da na Alice duk sun haura mita 3,000, kuma akwai turawut a ciki. Akwai shi a tsaunukan Lesotho da na Saliyara Nebada a Amurka. Galibi a ƙafa za ka hau, tanti da abinci a jakar goyo. Ka nemi lasisin kamun kifi tun kana ƙasa.

Halal ne?

Kifi ne, Malam. Ci.

Zan iya hawa a kwana ɗaya?

Wannan ce ta fi damuna, amma ba ku cika yin ta ba. Kano ba ta kai mita 500 daga matakin teku ba. Ka tashi daga Sabon Gari ka kwana a mita 3,500 washegari, ciwon kai da amai za su hana ka ɗaga sandar fatsa. Da ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Ciwon kai ya ƙi sauka, kai ka sauka. Kuma da hadari ya taso da rana, ajiye sanda ka bar bakin ruwa: tsawa na bin sandar kabon.

Na kai tafkin, na wuni ina jefa fatsa, ko taɓawa babu. Me ya faru?

Nan amsa ba ɗaya ba ce, sai ka yi haƙuri. Mai yiwuwa lokaci ka kuskure. Galibi kifayen suna matsowa gefe daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma gab da magariba. Da tsakar rana sukan nutsa ƙasa. Amma ranar da gari ya yi lumshi, ko iska ta ɗan kaɗa fuskar ruwa, sukan ci har azahar.

Mai yiwuwa kuma sun gan ka. Ruwan can garau yake, kana hango tsakuwar ƙasa, shi ma kifin yana hango farar rigarka. Sa tufa mai duhu, durƙusa, kada inuwarka ta faɗa ruwa. Zaren da kake kama tarwaɗa da shi ya yi kauri. Nemi mai kaurin milimita 0.16 zuwa 0.20.

Sai wuri. Fara da inda rafi ke shigowa, nan abinci da iskar shaƙa suke. Bi da inda launin ruwa ya sauya daga haske zuwa duhu, wato bakin zurfi. Gefen da iska ke turo ƙwari ma yana da kyau, ko da yake jifa ya fi wuya a can. In da ɗan cokalin ƙarfe mai juyawa kake yaudarar kifin, na giram 3 zuwa 7, jefa ka ƙirga biyar kafin ka fara naɗewa. Babu? Ƙirga goma, sannan sha biyar, har ka dace da zurfin da suke. In ka ga ruwa na yin zobe-zobe a sama, ƙwari suke ci, to koma ga ƙwaron bogi na gashin tsuntsu, da 'yar ƙwallon roba a saman zaren don nauyin jifa.

Bayan duk wannan, wani tafkin ba kifi sam: ko ba a taɓa zubawa ba, ko bai da zurfin da za su tsira a lokacin ƙanƙara. Minti talatin ba motsi, canza gefe. Hankalinka ya kwanta, ba lallai laifinka ba ne.

Zan iya sa tana?

A wurare da yawa an hana. Karanta lasisinka. Kuma kifi na haɗiye tana har ciki, ko ka sake shi sau da yawa ba ya rayuwa.

Wanda zan saki fa?

Jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, kada ka matse, kada ka sa yatsa a kunnensa. Ka danne ƙayar ƙugiya da filaya tun a gida. Don Allah ku daina riƙe kifi a sama ana ɗaukar hoto har ya daina motsi.

Girki?

Fede shi nan take, ka kankare jinin da ke bin ƙashin baya da babban yatsa. Cokali biyu na man gyaɗa, gishiri, yaji, minti uku zuwa huɗu kowane gefe. Kayan ciki kada su kwana kusa da tanti, namun daji na bin ƙarni. Shinkafa kuwa za ta daɗe a wuta, don a mita 3,000 ruwa na tafasa ne a wajen digiri 90. Ƙaro gas, har da na ɗumama ruwan alwalar asuba.