Waiwaye: Riƙon 'ya'ya da ciyar da su bayan saki a ƙasar Katsina

Duk lokacin da aure ya mutu a ƙasar Katsina, tambayar da ke biyo bayan takardar saki ita ce wa zai riƙe yara, kuma wa zai ci da su. Amsar tana rubuce a littattafan fiƙihu tun kafin zuwan Turawa, amma abin da ake yi a gidaje ya daɗe da bin wata hanya dabam.

Katsina tsohuwar cibiyar karatu ce. Shehu Muhammad al-Maghili ya zauna a cikinta a ƙarshen ƙarni na 15, sannan a ƙarni na 17 aka yi manyan malamai irin su Ɗan Masani da Ɗan Marina. Mazhabar Malikiyya ce ta kafu, kuma da Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa alƙalai suka yi ta yanke hukunci, musamman bayan jihadin 1804 da ya kawo Ummarun Dallaje kan sarauta. Abin da waɗannan littattafai suka tanada ba shi da duhu. Uwa ce ta fi cancanta da renon ɗanta namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, sannan ga sauran mata na ɓangarenta kamar 'yar'uwarta, kafin a zo kan dangin uba. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba, ko a ɗakin wa yaron yake kwana, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora masa, kuma aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da mace daga ɗakinta tana cikin idda.

Al'ada ba ta bi wannan sau da ƙafa ba. A wurin Bahaushe ɗa na uba ne, don haka da zarar an yaye yaro sai a aiko kakarsa ta wajen uba ko gwaggonsa ta ɗauke shi, wani lokaci ma ba ya ƙarasa sanin fuskar uwarsa. Matar da aka saka takan kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta a ranar, ta yi iddar a can, iyayen su ci da ita. Kunya tana da hannu a ciki, domin dattijon da aka sako wa 'ya yana ganin zubar da girma ne ya nemi kuɗin hatsi daga tsohon surukinsa, kuma da yawa sun fi son a ce sun bar wa Allah.

Turawa da suka ci ƙasar a 1903 ba su taɓa wannan ɓangare na shari'a ba. Sun bar kotunan alƙalai ƙarƙashin En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, suka mai da hankali kan hukuncin laifuffuka, har aka kawo kundin finalkod a 1960, shekarar da aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotunan daga hannun sarakuna ta mai da su kotunan yanki. Dokar aure ta tarayya ta 1970 ba ta shafi auren Musulunci ba, kuma tsarin mulkin 1979, da na 1999 a sashe na 277, sun bar aure da saki da riƙon yara a hannun kotunan shari'a. Jihar Katsina, wadda aka cire daga Kaduna a 1987, ta faɗaɗa aiki da shari'a a 2000, amma hankalin duniya ya tafi kan haddi, musamman shari'ar Amina Lawal, matar da aka yanke wa hukuncin jifa kan zargin zina, da ta faro daga Bakori a 2002 aka wanke ta a Katsina a 2003. Ƙarar ciyarwa, wadda ita ce ke cika bencin kotu kullum da mata masu goyo, ba ta samu irin wannan kulawa ba.

A nan ne, a ganina, babban rauni yake. Kotuna sun canza suna, sun canza ubangida, amma ba a gina hanyar da kuɗi za su riƙa fita daga aljihun uba zuwa hannun mai riƙo a kowane wata ba. Alƙali yakan yanke abin da za a biya gwargwadon ƙarfin uba, a biya wata ɗaya ko biyu, sai a shiru. Matar ce za ta sake biyan kuɗin mota daga ƙauye zuwa kotu, ta nemi a kai sammaci, ta zauna a ɗage zama, alhali abin da aka yanke tun ba a kai ko'ina ba tsadar masara ta cinye shi. Idan ta matsa, sai ta ji maganar da kowace bazawara ta sani: “In kina son in ci da shi, ki kawo mini ɗana.” Wannan magana ba ta da tushe a Malikiyya, domin ciyarwa haƙƙin yaro ce, ba ladan miƙa shi ba.

Hul'i ma wata ƙofa ce da mata ke asarar 'ya'ya ta cikinta. Fiƙihu ya yarda mace ta fanshi kanta da mayar da sadaki, har ma da sarayar da riƙo ko ɗaukar nauyin shayarwa, kuma wadda ta gaji da zaman takan amince da duk abin da aka gindaya mata don dai ta samu takarda. Abin da ba a cika faɗa mata ba shi ne cewa Malikiyya ta ba alƙali ikon raba auren saboda cutarwa ko rashin ciyarwa ba tare da ta biya ko sisi ba, kuma in ta tabbatar da cewa cuta ce ta sa ta yi fansar, ana mayar mata da abin da ta bayar.

Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003, amma sai a 2020 Katsina ta yi tata, bayan doguwar muhawara kan daidaita ta da addini. Gwamnatin Dikko Raɗɗa kuma ta kafa hukumar Hisba, wadda ke yin sulhu tsakanin ma'aurata kamar yadda masu unguwa da limamai suka saba yi a zaure. Sulhu yana da sauri, ba ya cin kuɗi, kuma yana rufa asiri, sai dai yarjejeniyar da ba a kai gaban alƙali an mai da ita hukunci ba tana rataye ne kan mutuncin uban kaɗai. Ma'aikacin gwamnati ana iya neman kotu ta sa a cire daga albashinsa, amma manomi da ɗan kasuwa da ɗan acaɓa, waɗanda su ne mafi yawan iyaye maza a Katsina da Daura, ba su da albashin da za a taɓa.