Tallafin gwamnati ƙofa gare shi, ba a shiga ta katanga

Ranar kasuwar Badaguichiri wani dattijo mai noman albasa ya riƙe mini hannun riga. "Malam, tsaya ka duba min wanga abu da anka aiko ma yarona." Ya miƙo waya mai fasasshen gilashi. Saƙon WhatsApp ne, da hoton tutar ƙasa a sama, wai gwamnati na raba jaka 50 ga kowane manomi. Ka danna nan, ka rubuta sunanka, ka tura wa mutum 20, sannan ka aika jaka 2 kuɗin buɗe dosiye. Na ce, "Baba, Allah ya sa ba ku aika ba." Ya yi shiru yana gyara rawani. Ya riga ya aika, har da ta maƙwabcinsa, wai kada a bar shi a baya.

Ni malamin gona ne a jihar Tahoua, kuma irin wannan na gani ya fi a ƙirga. Abin da ke ba ni takaici shi ne tallafin na gaskiya yana nan, mutane ne ba su san inda ƙofarsa take ba. Wanda bai san ƙofa ba kuwa, duk wanda ya nuna masa tsani sai ya hau.

Kowane tallafi na gwamnati yana da ofishin da ke riƙe da shi. Hatsin farashi mai rahusa daga rumbunan OPVN, hukumar da ke ajiye cimakar ƙasa, yake fitowa, yawanci daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbun gida ya yi ƙasa. Farashin da aka saba shi ne jaka 13 buhu mai kilo 100, kuma kwamitin da ke sayarwa a ƙaramar hukuma yake zama, ana auna wa magidanta tiya-tiya a bainar jama'a. Kuɗin da ake bai wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi, wanda aka fara a 2011 da jaka 10 duk wata, shi ma ba a neman sa ta waya. Masu ƙidaya ne ke shiga gari gida-gida, a yi taro gaban maigari, a karanta sunaye kowa na ji. In ba a zaɓi garinku ba, babu mai iya cusa sunanka daga Yamai, ko nawa ka ba shi.

Mu manoman rani, namu ya ɗan fi wuyar sha'ani, don haka bari in tsaya a kansa. A 2017 aka kafa asusun FISAN domin saka jari a harkar noma da cimaka. Tsarin da aka san shi da shi kashi uku ne: kashi 40 cikin 100 tallafi ne, kashi 50 bashi ne daga banki irin BAGRI ko asusun ajiya da lamuni, kashi 10 kuma daga aljihunka. Wato in aikin rijiyar tiyo da injin ban-ruwa zai ci jaka 500, kai za ka kawo jaka 50, ka ci bashin jaka 250, a yafe maka jaka 200. Da yawa suna jin kalmar tallafi sai su zo da buhu a kafaɗa, su ji maganar bashi su juya suna cewa an cuce su. Ba cuta ba ce, haka tsarin yake tun farko, kuma gara ka sani kafin ka sa hannu. Albasa ba ta da alkawari: wanda ya sayar a bakin gona lokacin da kasuwar Galmi ta cika ya san yadda farashi ke faɗuwa, bashi kuwa ba ya jira. Ka yi lissafinka da farashin kaka, ba da na lokacin tsada ba. Masu taimaka maka haɗa dosiye suna nan a majalisar manoma ta jiha, CRA ta Tahoua, da ofishin noma na gundumarku. Uwar ƙungiyarsu RECA ma tana da malaman da ke amsa tambayar manoma da Hausa ta waya da WhatsApp. Ka karɓi lambar daga bakin ma'aikacin ofis, ba daga saƙon da aka turo maka ba.

Ta fannin lafiya abokan aikina na likita sun fi ni sani, amma wannan kowa ya riƙe: tun 2006 awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma daga 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin ganin likita da rabi, haihuwa ta zama kyauta. Maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara da damina, shi ma ko dala ba a biya.

To ina ake duba gaskiyar sanarwa? Mai karatun Faransanci da waya a hannu ya buɗe service-public.ne, inda aka jera ayyukan hukuma da takardun da kowanne ke bukata. Adireshin ma'aikatun gwamnati kuwa yawanci da gouv.ne yake ƙarewa. In ka ga wata doguwar wutsiya daban, ka rufe. Wanda bai yi lakwal ba bai rasa komai ba. Allon sanarwa na ofishin magajin gari yana nan, rediyon gari tana nan, maigari yana nan. Ka je da ƙafarka ka yi tambaya huɗu: sunan shirin, ofishin da ke riƙe da shi, takardun da ake so, da ranar rufewa. Ka sa yaro ya rubuta maka a littafi.

Takardu kuwa su ne inda muke yawan faɗuwa. Na sha ganin ƙungiyar mata masu lambu ta cancanci tallafi sarai, amma shugabar ba ta da katin ɗan ƙasa, ƙungiyar ba ta da takardar amincewa, filin kuma aro ne da baki kawai. Kafin a haɗa waɗannan an rufe. Takardar haihuwa, katin iyali, takardar gona daga kwamitin filaye da muke kira kofo, ko ta gado ce ko ta aro, a neme su tun yanzu da babu gaggawa, a naɗe a leda saboda gara da ruwa.

Dattijon nan na Badaguichiri jaka 4 ɗinsa ba su dawo ba. Na raka shi wurin jandarma muka ba da lambar da ta karɓi kuɗin, daga nan muka wuce ofishin magajin gari. A can ne aka gano gonar da yake nomawa shekara da shekaru ba ta da ko takarda ɗaya, sakataren kofo ya ce ya dawo da maigari da shaidu biyu masu iyaka da shi.