Saƙar bango: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Tambayoyin nan dai su ne kullum a kan saƙar bango, wato ƙyallen hoto da ake saƙawa a rataye a bango, a waya da kuma ranar kasuwa idan na shiga Minjibir. Ga amsa wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wannan ba surfani ba ne?

A'a. Surfani da allura ake yinsa a kan yadin da aka riga aka saƙa, irin aska takwas ta babbar riga. A saƙar bango, yadin da hoton tare suke fitowa daga zare. Ko shahararren ƙyallen nan na Bayeux a Faransa, mai tsawon kusan mita 70, da ake ɗauka saƙar hoto ce, ɗinki ne.

To yaya ake yin ta?

Katako huɗu ake haɗawa, a yi wadari da zaren auduga mai ƙarfi daga sama zuwa ƙasa. Shi ne zaren tsaye. A zana hoton a takarda daidai girman aikin, a maƙala ta a bayan zaren. Sai a fara daga ƙasa da zaren kwance, kowane launi da ɗan kwarkwaronsa, yana kai-kawo a iyakar yankinsa kawai, ya juyo. Bayan kowane layi a danne da masefi, ko cokali mai yatsu in babu, har zaren tsaye ya ɓace gaba ɗaya. In kana hango shi, ba ka danne ba.

Masaƙarmu ta gargajiya za ta yi?

Ta maza ƙwarya take fitarwa, wato siririn ƙyalle, kuma ƙoshiya daga gefe zuwa gefe take wucewa, sai dai ka jera ƙwaryoyin ka ɗinke kamar luru. Ta mata ta tsaye, wadda iyayenmu ke saƙa gwado da ita da akwasha, ita ta fi kusa. A tambayi tsofaffin gida kafin a kashe kuɗi wajen kafinta.

Me ya sa na Kantin Kwari suka fi araha?

Inji ne ya yi su, wasu ma buga hoton aka yi kawai. Hajiya, ki saya in shi kike so, ba laifi ba ne. Amma ki daina kawo mini farashinsa kina cewa in rage.

Saƙata tana tsukewa a tsakiya, gefe ya shigo ciki. Me zan yi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama. Galibi hannunka ne: kana jan zaren kwance ya miƙe sak, alhali hanyarsa ba miƙaƙƙiya ba ce, yana hawa zaren tsaye ɗaya ya bi ƙarƙashin na gaba, don haka yana buƙatar tsawon da ya fi faɗin aikin. Ka sa shi ya yi ɗan doro kamar baka kafin ka danne, in wurin da faɗi ka yi doro biyu ko uku. Amma kada ka ji na faɗi haka ka sake shi da yawa, sai gefen ya yi kunnuwa, aikin ya kumbura. Tsakanin biyun nan babu awo, hannu ne ke ganewa.

Wani lokaci kuma ba jan ba ne. Duba wadarin. Ka shafa tafin hannu a kan zaren tsaye ido rufe, in na gefe sun fi na tsakiya laushi, tun daga nan matsalar ta faro. Akwai kuma haɗa abawa mai kauri da siririn zaren kanti a layi ɗaya, ɗaya ya cika wuri, ɗaya ya bar rami. Ni a ganina yanayi ma yana taɓawa, don wadarin da aka ja da damina ba ya zama yadda yake idan hunturu ya busa, sai an sake ɗaurewa, ko da yake ya danganta da zaren da ɗakin da masaƙar take.

Gyara fa? In tsukewar ba ta kai faɗin yatsa ba, ka ci gaba kana sassautawa a hankali, wataƙila ta dawo, kuma a bango ba kowa zai lura ba. In ta wuce haka, warwarewa ce, ɗana, kuma gara yau da gobe. Masu cewa a jiƙa a ja da ƙusa su daidaita, yana yi a ɗan ƙaramin karkata, ban ga yana ceto aikin da ya riga ya yi ƙugu ba. Ka ɗaura zare a kowane gefe ya zama ma'auni, ka riƙa gwada faɗin bayan kowane taƙi.

Ban iya zane ba, zan iya?

Kwantar da hankalinki. A ƙauyen Harraniya kusa da Giza a Masar, Ramses Wissa Wassef ya fara koya wa yaran ƙauye wannan saƙa a farkon shekarun 1950, ba tare da takardar zane ba sam, kuma aikinsu ya zaga duniya. Ki fara da ratsi da dara-dara. Da'ira da fuskar doki su jira.

Ƙananan ramukan da ke tsakanin launi biyu, kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Inda launuka biyu suka juya baya a layin tsaye dole a sami tsaga. In ta yi tsawo, a ɗinke ta baya bayan an sauke.

Zaren rini yana zuba?

Rinin baba yana zuba, ko daga Kura ya fito ko daga marinar Ƙofar Mata. A ɗauraye zaren har ruwa ya fito fari, a shanya a inuwa, sannan a saƙa. Kun sha jin wannan daga bakina, amma sai wani ya sa shuɗi kusa da fari bai ɗauraye ba, ya dawo yana kuka.

Zan iya kafa ta a bangon ƙasa?

Kada ta jingina da shi, gara da laima za su cinye ta. A ɗinka aljihu a baya ta sama, a zura sanda, a rataye da ɗan tazara, nesa da hasken taga da hayaƙin murhu. Ƙura kuma kakkaɓewa ake yi, ba wanki ba.

Za ka koya mini ta waya?

A'a. Ka zo da zarenka bayan an gama girbi.