Ba majina ce ke toshe hancin ba

Da hunturu ya kama, ƙura ta tashi, sai ka ga mutum yana ta fyace hanci har ya yi ja, wai majina ce ta toshe shi. Galibi ba ita ba ce. Jijiyoyin jinin cikin hancin ne suka kumbura, bayan jiki ya saki sinadarin histamin saboda ƙurar.

Maganin ɗigawa irin su Otrivin yana taɓa makarɓan alfa, wato wuraren da ke karɓar saƙon sinadarin adirenalin a jikin jijiyoyin, sai jijiyoyin su tsuke, iska ta wuce cikin mintuna. Amma atishawa da ƙaiƙayi suna nan daram. Abin haushin, in an wuce mako ana ɗigawa, makarɓan sukan saba, hancin ya ƙara toshewa da zarar maganin ya saki.