Gorbachev bai taɓa zama shugaban ƙasar Rasha ba

An daɗe ana cewa Mikhail Gorbachev ne shugaban Rasha na farko bayan kwaminisanci. Ba abin mamaki ba ne, domin a bakin mutane da yawa Rasha da Tarayyar Sobiyet duk ɗaya ne.

Tarayyar Sobiyet ya shugabanta, mai jamhuriyoyi 15, Rasha ɗaya ce daga cikinsu. Boris Yeltsin ne 'yan Rasha suka zaɓa a watan Yunin 1991, tun Gorbachev na kan kujerarsa. Suka zauna a Mosko kowa da muƙaminsa, har Gorbachev ya yi murabus ran 25 ga Disamba 1991. Yeltsin kuwa ya ci gaba da mulki har ƙarshen 1999.

Duk inda kuka ga irin wannan batu, ku duba cikakken sunan muƙamin da shekarar. Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.